Hitar mota mai hura sanyi: Alamar da masu zirga-zirga tsakanin Minna da Abuja ke rainawa

Tsakanin Minna da Abuja tafiya ce ta kimanin kilomita 150, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya na cikin waɗanda suka fi kowa sanin ramukanta da kwanoninta. Akwai waɗanda iyalansu ke Bosso, Tunga ko Maitumbi alhali ofisoshinsu na Abuja, sai su baro gida da asubahin Litinin su dawo da yammacin Juma'a. Akwai kuma waɗanda aiki ke kai su Minna, inda hedikwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, take, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1983. Tun daga 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da yawancin alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi a hannu, ɗawainiyar mota ta koma wuyan mai ita: shi ne mai saye, shi ne mai zuba mai, shi ne mai biyan makanike.

A cikin motocin da ke bin wannan hanya, ba kaɗan ba ne idan aka murɗa maɓallin hita zuwa ɓangaren ja, iska mai sanyi ce ke fitowa. Masu motocin kan ɗage kafaɗa. A garin da zafin watan Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40, wa zai ɓata kuɗinsa a kan na'urar ɗumama mota? Tambayar tana da ma'ana, amma amsarta ta wuce maganar jin ɗumi. Hita da lagireto ruwa ɗaya suke sha, don haka duk hitar da ta daina ba da zafi tana ba da labarin halin da injin ke ciki ne.

Inda zafin ke fitowa

Hitar motar fetur ko dizal ba ta ƙirƙirar zafi da kanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa ne kawai ke juya tayoyi. Sauran yana fita ne a matsayin zafi, wani ta salansa, wani kuma ta ruwan da ke zagaya jikin injin. Famfon ruwa ne ke tura wannan ruwa, ya ratsa inji ya kwashi zafi, ya kai lagireto inda iska ke sanyaya shi, sannan ya dawo.

A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto, girmansa bai wuce na littafi mai kauri ba. Tiyo biyu ne ke haɗa shi da inji ta bangon da ya raba ɗakin inji da ɗakin fasinja: ɗaya na shigar da ruwan zafi, ɗaya na mayar da shi. Fanka na hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta fito. Akwai kuma wata 'yar ƙofa ta roba da ke karkatar da iskar, ko dai ta bi ta ƙaramin lagireton ko ta kauce masa, gwargwadon inda direba ya murɗa maɓalli. A tsofaffin motoci waya ce ke jan ƙofar, a sababbi kuwa ƙaramin injin lantarki ne.

Tsakanin inji da babban lagireto akwai tamostat, wani bawul mai ɗauke da kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Yana rufe hanya har sai ruwa ya kai zafin da aka tsara, sannan ya buɗe. Ana buga wannan adadi a jikinsa. A injinan Toyota da yawa digiri 82 ne. Aikinsa shi ne ya sa inji ya yi saurin ɗumi, sannan ya riƙe shi a wajen digiri 90, inda aka ƙera shi ya yi aiki.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya samu matsala, hita ce kan fara nunawa.

Al'adar cire tamostat

Mafi yawan motocin ma'aikata tokumbo ne, daga Amurka, Kanada ko Turai. Daga garejojin Keteren Gwari a Minna har zuwa na Apo a Abuja, akwai tsohuwar fahimta cewa tamostat kayan ƙasashen ƙanƙara ne, kuma a ƙasa mai zafi sai dai ya jawo wa inji tafasa. Saboda haka sau da yawa ana cire shi tun motar ba ta yi wata guda a hannun mai ita ba, wani lokaci ma a haɗa fankar lagireto kai tsaye da makunni, ta yadda za ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta.

Fahimtar tana da tushe. Tamostat da ya tsufa yakan maƙale a rufe, ruwa ya kasa kaiwa lagireto, inji ya tafasa, gasket ya ƙone. Makaniken da ya taɓa ganin haka ba ya mantawa. Sai dai maganin tamostat da ya lalace shi ne a sa sabo mai adadin da kamfani ya tsara. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi na Minna, da tamostat ɗinsu suke zuwa.

Injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai yi ɗumi ba, kuma a kan babbar hanya, inda iska ke dukan lagireto da ƙarfi, zafinsa kan sauka ƙasa da yadda ake so. Kwamfutar mota, da ta ga inji da sanyi, sai ta ƙara yawan man da take fesawa, domin haka aka tsara ta yi wa injin da bai ɗumama ba. Mai na ƙonewa fiye da kima, fulogi na yin baƙi, wani ɓangare na fetur na zurarewa cikin baƙin mai ya tsinka shi. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, waɗanda ke da mahaɗar na'urar gwaji, wannan matsala kan kunna fitilar gargaɗin inji, kuma lambar da na'urar kan nuna ita ce P0128.

A lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mai mota na iya kau da kai. Tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, da farashin da ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kowane ɗigon da ya ƙone a banza daga albashi yake fita. Wanda ke zuwa Minna ya dawo kowane mako yana cin kilomita 1,200 a wata kafin a lissafa zirga-zirgar cikin gari.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. A injina da yawa tamostat na da faifai na biyu da ke toshe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. Idan aka cire shi, wani kaso na ruwan zai ci gaba da zagayawa ta gajeriyar hanyar ba tare da ya je lagireto ba. Irin wannan mota tana iya yin sanyi a kan hanyar Paiko, ta zo ta yi zafi a cunkoson Zuba. Abin da aka gudu shi aka tarar.

Ruwan rijiya a cikin lagireto

Matsala ta biyu ita ce abin da ake zubawa. Da yawan direbobi ruwan famfo, na rijiyar burtsatse ko na leda suke ɗurawa, bisa hujjar cewa ruwan lagireto mai launi maganin daskarewa ne, mu kuwa ba mu da ƙanƙara. Gaskiya ne haɗin rabi da rabi na sinadarin gilaikol da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, abin da Minna ba za ta taɓa gani ba. Amma wannan ruwa yana ɗauke da magungunan hana tsatsa da cin ƙarfe, kuma yana ɗaga matakin tafasa.

Ruwan rijiya na barin ƙasa-ƙasa irin wadda ake gani a gindin butar shayi. Tsatsa da wannan dauɗa suna yawo cikin inji har su sami wuri mafi ƙunci su zauna, kuma babu hanyoyin da suka kai na ƙaramin lagireton hita ƙunci. Haka ma garin toshe yoyo da ake zubawa idan lagireto ya fara ɗiga: yakan toshe ramin, ya kuma toshe hita. Hitar da ta toshe yau tana nuna abin da ke taruwa a babban lagireto, wanda ranarsa na tafe.

Idan kuwa ƙaramin lagireton ya ɓule, alamominsa sanannu ne: wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, maiƙo a jikin gilashin gaba daga ciki, da danshi mai yauƙi a kan shimfiɗar ƙasa ta gaba. A motoci da yawa ba a kai wa gare shi sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin da kan ci yini. Shi ya sa makanikai kan zare tiyo biyun su haɗe su da juna, ruwa ya daina shiga ciki. Dabara ce mai kyau ga wanda yoyo ya kama a Lambata yana son ya kai gida. Abin da ke faruwa shi ne dabarar kwana ɗaya kan zama ta shekara biyar, har motar ta sauya hannu, sabon mai ita bai san an yanke hitar ba.

Ranar da ake neman ta

Hunturun Minna bai kai na Jos ko Kano tsanani ba, amma wanda ya fito ƙarfe biyar na asuba a watan Disamba ko Janairu, da yara a kujerar baya, ya san sanyin kwarin Gurara. Duk da haka babban amfanin hita a wannan yanki da damina yake bayyana. Idan ruwan Agusta ya sauko, an rufe tagogi, mutum huɗu ko biyar na numfashi, nan take gilashin gaba kan yi hazo daga ciki. Direba na tuƙi da hannu ɗaya, yana goge gilashi da hula ko tsumma da ɗayan, a kan hanyar da tireloli da tankokin mai da suka fito ta Bida da Lapai ke haɗuwa da ita a Lambata, wadda kuma aikin mayar da ita tagwaye ya shafe fiye da shekara goma.

A Amurka, inda yawancin waɗannan motoci suka fito, doka ta wajabta tun 1968 cewa kowace motar fasinja ta kasance da na'urar kawar da hazo daga gilashin gaba. A wurinsu kayan kare rai ne, sahun burki da madubi. Hanyar da ta fi saurin share gilashi ita ce a karkatar da iska zuwa gare shi, a kunna na'urar sanyaya mota domin ta tsotse danshin iskar, a murɗa maɓallin zafi domin busasshiyar iskar ta yi ɗumi, sannan a buɗe hanyar iskar waje maimakon juya ta ciki. Na'urar sanyaya ita kaɗai tana taimakawa, amma idan ta daɗe tana dukan gilashi da sanyi, raɓa kan kwanta ta waje. Motar da hitarta ta mutu ta rasa rabin wannan makami.

Tsofaffin direbobi sun san wani amfanin. Idan allurar zafi ta fara hawa a cunkoso, kashe na'urar sanyaya da kunna hita har ƙarshe, tare da sauke tagogi, yana rage wa inji zafi, domin hita lagireto ce ta biyu. Wannan kan ba direba damar kaiwa inda zai tsaya lafiya.

Masu mayar da motocinsu zuwa iskar gas ta CNG, musamman tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023, suna da ƙarin dalili. Ana adana gas ɗin a tukunya da matsin da ya kai ba 200, kuma idan na'urar rage matsi ta sake shi yakan yi sanyi ƙwarai. Domin kada na'urar ta daskare, ana ɗumama ta da ruwan inji, wanda galibi daga tiyon hita ake jawo shi. Motar da ba ta da tamostat, ko wadda layin hitarta ya toshe, tana iya yin gardama a kan gas da sassafe, a ɗora wa gas ɗin laifin da ba nasa ba.

Binciken da mai mota zai iya yi

Kafin a je gareji, akwai abubuwan da ido da hannu ke iya ganowa. Na farko shi ne yawan ruwa, kuma ana duba shi ne da safe kafin a tayar da inji. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Murfin na riƙe matsi kusan ba ɗaya, wanda ke sa ruwa ya haura digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an sassauta shi, ruwan kan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Idan ruwa ya yi ƙasa, hita ce kan fara rasa rabonta, domin a motoci da yawa tana sama-sama a layin ruwan. Ruwan da ke raguwa kuwa wani wuri yake zuwa, sai an nemo wurin.

Na biyu shi ne allurar zafi. A lafiyayyen inji takan hau zuwa wajen tsakiya cikin mintuna kaɗan na tafiya, ta tsaya a nan. Idan tana kwance a ƙasa bayan an wuce Chanchaga, ko tana hawa a cunkoso ta sauka a kan babbar hanya, tamostat ya maƙale a buɗe ko babu shi. Idan kuwa allura ta yi sama alhali hita na hura sanyi, wannan ita ce alama mafi haɗari: ruwa ya ƙare ko ya daina zagayawa. A nan sai a tsaya a kashe inji nan take.

Na uku shi ne tiyo biyun da ke shiga bangon ɗakin fasinja. Bayan inji ya yi ɗumi, an murɗa hita har ƙarshe, sai a taɓa su a hankali da tsumma, nesa da fanka da fambel. Idan duka biyun na da zafi amma iska na fitowa da sanyi, ruwa na zagayawa, matsalar tana ga 'yar ƙofar da ke karkatar da iska. Ƙarar ƙas-ƙas a bayan dashbod idan an murɗa maɓalli, ko ɓangaren direba ya yi ɗumi na fasinja ya yi sanyi, kan nuna haƙoran ƙaramin injinta sun cinye. Idan ɗaya tiyon na da zafi ɗayan da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, ko bawul ɗin da wasu motoci ke da shi a kan layin ya maƙale. Idan duka biyun ba su da zafi, a koma kan tamostat, yawan ruwa ko famfo. Idan kuma aka ga an lanƙwasa tiyo ɗaya ya koma inji, an riga an yanke hitar.

Hitar da ke ba da zafi idan an taka totur, ta yi sanyi idan mota na tsaye, tana nuna ƙarancin ruwa, iska a cikin layi ko famfon da fikafikansa suka cinye. Ƙarar kwararar ruwa a bayan dashbod ma alamar iska ce, kuma takan biyo bayan sauya lagireto ko tiyo. Fitar da ita na buƙatar a ajiye mota gabanta na sama, a buɗe murfi tun inji na da sanyi, a kunna hita, a bar inji ya yi aiki ana ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa. Wasu motocin, irin su Peugeot 406 da ma'aikata suka daɗe suna hawa, suna da ƙananan noti na musamman na fitar da iska, kuma idan ba a buɗe su ba aikin bai kammala ba. Iskar da ke dawowa bayan an fitar da ita, tare da farin hayaƙi a salansa ko baƙin mai da ya koma kalar madara, maganar gasket ce, kuma ba ta jira.

Idan iskar ce ba ta fitowa sam, ko tana fitowa da ƙyar, wannan aikin mai gyaran wayar mota ne: fiyus, fanka, ko matatar iskar da ke bayan akwatin dashbod, wadda ƙurar hunturu kan cika.

Abin da za a nema a gareji

Mataimakan manyan jami'ai da masu kula da motocin ofis, waɗanda su ke sa hannu a takardar gyara, za su rage asara idan suka tsaya a kan abubuwa kaɗan. A nemi makanike ya nuna tamostat ɗin da ke jikin motar, a sa sabo mai adadin zafi daidai da na asali. A mayar da fanka kan na'urar da ke kunna ta idan zafi ya kai. A wanke layin ruwa, a wanke ƙaramin lagireton ta hanyar tura ruwa ta tiyon fita domin dauɗa ta koma ta inda ta shigo, da matsi mai sauƙi, domin ƙarfin injin wankin mota na iya fasa shi. A gwada murfin lagireto, wanda shi ne mafi araha a cikin kayan kuma aka fi mantawa da shi. Idan za a sauke dashbod, a cire kan batir tukuna saboda jakar iska ta kariya.

Wajen ruwa, littafin motar ne alƙali. Launi ba ya tabbatar da iri, kuma gauraya iri biyu na iya haifar da dauɗa. Wanda aka riga aka haɗa ana zuba shi yadda yake. Mai kauri kuwa ana tsinka shi da tataccen ruwa irin na batir, ba na rijiya ba. Kamfanin Toyota, alal misali, ya tsara a sauya ruwansa mai launin hoda bayan kilomita 160,000 ko shekara 10 a karon farko, sannan kowane kilomita 80,000 ko shekara 5. Motar tokumbo da ba a san tarihinta ba, gara a ɗauka lokacinta ya yi. Tsohon ruwan da aka zubar guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda, don haka ba a barin sa a buɗaɗɗen bokiti ko a robar lemo inda yara da dabbobi ke kaiwa.

Ba a kuma ɗumama mota a rufaffen gareji, ko a kwana a cikinta inji na aiki tagogi a rufe. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kashe mai barci bai farka ba.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin hita bai fi minti biyar ba: sau ɗaya a wata, bayan inji ya yi ɗumi, a murɗa maɓalli zuwa ja a sa hannu a bakin iska. Yin hakan na motsa 'yar ƙofar da bawul ɗin kada su maƙale saboda rashin aiki. Lokutan da suka fi dacewa a kai mota a duba layin ruwanta su ne watan Oktoba, kafin hunturu ya kankama, da watan Fabrairu, kafin zafin bazara ya gwada kowane lagireto da ke kan hanyar Suleja.